Yadda Ake Shirin Tafiya Aikin Bishara na Dogon Lokaci a Ƙasar Waje

Tikitin jirgi shi ne abu na ƙarshe da za ka saya. Da yawa daga cikin waɗanda himmar aikin bishara ta taso musu daga nan suke farawa: sun ji wa'azi a taron farkawa, sun fito gaba da hawaye, kafin mako ya zagayo suna tambayar kuɗin jirgi. Tafiyar mako biyu tana iya ɗaukar irin wannan gaggawa, amma ta shekara uku ko biyar ko goma ba za ta ɗauka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu idan za a yi shi yadda ya kamata, kuma dabarar ita ce a fara taɓa abubuwan da ke cin lokaci, wato amincewar ikilisiya, yardar iyali, biyan bashi, koyon harshe, neman masu tallafi da biza. Sayen akwati da ɗinkin tufafi aikin yini guda ne, su jira.

Da farko: wa ya aike ka?

Duba Ayyukan Manzanni sura 13. Barnaba da Shawulu, wato Bulus, ba baƙi ba ne a ikilisiyar Antakiya, sun riga sun yi shekara guda cur suna koyarwa a cikinta, kowa ya san halinsu. Ana cikin sujada da azumi aka keɓe su, aka ɗora musu hannu, aka sallame su. Da suka gama zagayen, can suka koma suka ba da rahoto. Mai bishara aikakke ne, akwai waɗanda suka tura shi, akwai kuma waɗanda zai koma ya yi wa bayani.

Don haka ka fara da fastonka. Ka je ka same shi a keɓe, ka faɗa masa abin da ke zuciyarka, ka roƙe shi ya kai maganar gaban dattawa. Ka ba su dama su gwada ka, ko da gwajin zai ci watanni. Idan suka ce ka fara riƙe ajin yara ko ka riƙa zuwa gaishe da marasa lafiya na shekara guda, kada ka ɗauka raini ne. Wanda bai iya riƙe aji na yara goma ba, jirgin sama ba zai ƙara masa komai ba.

Kai ma ka gwada kanka a ɓoye. A garin da kake akwai baƙi masu wani harshe da wata al'ada. Ka taɓa shiga gidan ɗaya daga cikinsu, ka ci abincinsa, ka san sunayen 'ya'yansa? Sannan ka tambayi zuciyarka abin da kake gudu. Rashin aikin yi, bashi, auren da ya ƙi daɗi, rigima da shugabannin ikilisiya, ko sha'awar zama a Turai, duk suna iya sa rigar kira su fito. Kowanne kuma zai bi ka har can.

Idan dattawa sun amince, ka nemi a rubuta. Takarda mai sa hannun shugabanni, da ke cewa ikilisiya kaza ta aiki wane zuwa ƙasa kaza, za ta riƙa ba da kaza a wata, na tsawon shekara kaza, kuma ga mutanen da aka ɗora wa nauyin bibiyarsa. Wasu suna jin nauyin neman wannan, suna ganin kamar rashin bangaskiya ne. Amma ana yi wa fastoci canjin wurin aiki, kwamitoci suna sauyawa, kuma sabon ma'aji ba ya biyan alkawarin da bai gani a rubuce ba.

Iyali

William Carey ya tashi daga Ingila zuwa Indiya a 1793. Matarsa Dorothy da farko ta ƙi tafiyar, sai da aka yi ta lallashi ta yarda. A shekara ta gaba ɗansu Peter ya rasu yana ɗan shekara biyar, ita kuma ta samu taɓin hankali wanda bai rabu da ita ba har ta rasu a 1807. Ana yawan ba da labarin Carey don ƙarfafa gwiwa, ba a cika ba da wannan ɓangaren ba, alhali shi ne ya fi shafar mai aure. Matar da ta ce "to" don gudun a ce ta hana aikin Ubangiji ba ta yarda ba tukuna. Ku ba wa maganar lokaci, ku bar wani dattijo da matarsa su zauna da ita ba ka wurin. Haka ma idan matar ce ta ji kiran, mijin na bin baya.

Yara kuma, kafin ku zaɓi gari ku san inda za su yi karatu: makarantar gwamnatin ƙasar da harshenta, ko makaranta mai zaman kanta mai tsada, ko ta kwana a wani gari, ko koyarwa a gida. Kowace tana da abin da take ci, wata kuɗi, wata lokacin uwa, wata kuma kusancin yaro da iyayensa. Wannan magana kaɗai ta isa ta dawo da iyali gida kafin lokaci.

Sai iyaye. A Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa masu fakewa da cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa taimakon mahaifansu. Ka tara 'yan'uwanka ku yanke wanda zai riƙa kai Baba asibiti, da abin da kai za ka riƙa aikowa, da irin rashin lafiyar da za ta sa a kira ka ka dawo. Ka nemi albarkarsu da ladabi, ko da ba su gane dalilin tafiyar ba. Idan ba ka da aure, ko ba ki da aure, ku tambayi ƙungiyar da za ku bi ƙa'idarta game da neman aure a wurin aiki, domin wasu suna hana shi a shekarar farko.

Ƙungiyar da za ka bi, da waɗanda za su karɓe ka

Ana iya tafiya da sunan ikilisiya kaɗai, amma ikilisiya ɗaya ba ta cika sanin yadda ake sabunta izinin zama a wata ƙasa ko yadda ake fitar da mara lafiya da tsakar dare ba. Wannan aikin ƙungiyoyin mishan ne. Akwai tsofaffi irin su OMF, wadda Hudson Taylor ya kafa a 1865 da sunan China Inland Mission, da SIM ta 1893, da AIM ta 1895, da WEC ta 1913. Akwai Wycliffe, wadda ta maida hankali kan fassarar Littafi Mai Tsarki tun 1942, da YWAM da Loren Cunningham ya kafa a 1960, da OM ta George Verwer, da CAPRO wadda aka haifa a Afirka a 1975. Ɗarikoki da yawa kuma suna da nasu sashen aikewa.

Kada girman suna ya ruɗe ka. Ka karanta bayanin bangaskiyarsu, sannan ka yi tambayoyin da ba a sa su a takardar talla. Wa zai zama shugabana a can, sau nawa zan gan shi? Kashi nawa kuke cirewa daga tallafina don gudanarwa? Idan kuɗina ya gaza wata uku a jere me ke faruwa? Bayan shekara nawa ake zuwa hutun gida, wa ke biyan jirgi? Idan aka sace ni, mene ne matsayinku kan kuɗin fansa? Ƙungiyoyi da yawa ba sa biya, gara iyalinka su ji wannan tun kana gabansu. Ka kuma nemi magana da wanda ya yi aiki da su ya bari, domin na ciki yabo zai yi.

A tsakiyar shekarun 1990 sashen mishan na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bishara ta duniya ya yi bincike a ƙasashe 14 masu aikewa. An gano cewa kusan mutum ɗaya cikin ashirin yana barin aikin kowace shekara, kuma kusan kashi 71 cikin ɗari na masu barin sun bari ne kan dalilan da da an iya magance su, kamar ƙarancin tallafi daga gida, matsalar iyali, da rashin jituwa da abokan aiki. Wannan na ƙarshen tsohon ciwo ne. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Yohanna Markus. Ka san mutanen da za ka zauna da su kafin ka sa hannu.

A kusan kowace ƙasa akwai masu bi da suka riga ka, wasu kakanninsu sun karɓi bishara ɗaruruwan shekaru kafin naka. Ka tambaya ko su ne suka nemi a turo mutum, kuma wane irin mutum suka nema. Idan malamin makarantar Littafi Mai Tsarki suke so, kai kuwa burinka kafa sabuwar ikilisiya kusa da tasu, an shuka rigima tun kafin ka sauka. Idan da hali ka kai ziyara ta mako biyu ko uku, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka zaɓi lokacin da yanayin ƙasar ya fi tsanani, ka sauka a gidan mutane maimakon otal.

Horo da harshe

Yawancin ƙungiyoyi suna neman aƙalla shekara guda ta karatun Littafi Mai Tsarki, da kwas na zama cikin wata al'ada. Ka yi su. Amma harshe ne wurin da ya kamata ka fi zuba ƙarfi, shi ne kuma wurin da aka fi yin ha'inci.

Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, da kusan awa 2,200 don Larabci, Sinanci, Japananci ko harshen Koriya. Wannan ga mutanen da koyon harshen ne kaɗai aikinsu. Ka auna da wanda yake taɓa manhajar waya minti goma kafin barci. Ka nemi malami, zai fi kyau ɗan ƙasar, ku riƙa zama sau uku ko huɗu a mako. Ka fara da gaisuwa, ƙirga, ciniki, tambayar hanya da ta'aziyya, kafin kalmomin tauhidi. Ka kuma bincika ko harshen gwamnati shi ne wanda mutanen suke magana da shi a cikin gida, domin sau da yawa biyu za ka koya.

Ka sa a cikin yarjejeniyarka cewa shekarar farko, ko ma biyu, ta koyon harshe ce. Masu tallafi za su so jin adadin waɗanda suka tuba tun wata na uku, kai ma za ka ji kunyar rubuta cewa har yanzu sunayen kayan miya kake koya. Ka faɗa musu tun yanzu. Carey ya yi shekara bakwai a Indiya kafin a yi wa mutum na farko, Krishna Pal, baftisma a ƙarshen 1800. Adoniram Judson ya isa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a 1813, bai ga mai bi na farko ba sai 1819, fassarar Littafi Mai Tsarki kuwa sai 1834 ya kammala ta. Wanda ya dogara da tafinta zai yi wa'azi, amma ba zai ji abin da ake faɗa a kansa bayan ya juya baya ba, kuma ba wanda zai kawo masa damuwar da ba a faɗa gaban mutum na uku.

Sana'a ma tana cikin horo. Bulus ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin tanti. Koyarwa, jinya, aikin gona, gyaran injina, lissafin kuɗi, aikin kwamfuta: ka samu takardar shaida ta gaske da gogewar shekara biyu ko uku.

Biza da dokar ƙasar

A nan ne mutanen kirki suke faɗawa cikin ƙarya ba su ankara ba. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka izinin aiki, ko da ba a biyanka. A ƙasashen Turai na yankin Shengen, wato waɗanda ake shiga da biza guda, bizar gajeren zama kwana 90 ce kawai cikin kowane kwana 180. Mai niyyar shekara uku ba da ita zai shiga ba.

Wasu ƙasashe suna da biza ta musamman don ma'aikatan addini. Ta Amurka ana kiranta R-1: dole ka kasance ɗan ɗarikar da ta gayyace ka na aƙalla shekara biyu, ita ce za ta shigar da takardar nema, ana ba da wata 30 da farko, jimilla kuma ba ta wuce shekara biyar. Birtaniya tana da iri biyu, ɗaya ta mai jagorantar ikilisiya, ɗaya ta ma'aikacin addini na wucin gadi wadda iyakarta shekara biyu, kuma dukansu sai ikilisiyar da ke da lasisin ɗaukar baƙi ta ba ka takarda. Waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka shafin ofishin jakadancin ƙasar ne abin dubawa, ba labarin wanda ya tafi shekara biyar da suka wuce ba. Ka yi nesa da dillalan biza masu cewa za su "shirya" maka takardu. Takardar jabu guda tana iya jawo maka haramcin shiga na shekaru.

Wasu ƙasashe kuma doka ta taƙaita wa'azi ko ta hana shi. A Rasha, dokar 2016 ta ɗaure aikin mishan ga ƙungiyoyi masu rajista da mutanen da suke da takardar izini daga gare su, kuma an ci tarar baƙi an kore su a kanta. A Nepal, kundin tsarin mulki na 2015 da dokar laifuka ta 2017 sun haramta sauya wa wani addini, hukuncin yana kaiwa shekara biyar a kurkuku. Jihohi da dama a Indiya suna da irin wannan doka, kuma gwamnatin tarayya tana sa ido sosai kan kuɗin da ke shiga ƙungiyoyi daga waje. Maroko ta kori Kiristoci baƙi da yawa a 2010. Ka san dokar kafin ka yanke shawara, ka kuma tuna cewa kai korarka za a yi, ɗan ƙasar da ya karɓe ka shi zai zauna da abin da ya biyo baya. Shawararsa ta fi taka nauyi a kan abin da za a yi a fili da abin da ba za a yi ba.

Idan a matsayin malami ko ɗan kasuwa ko ɗalibi za ka shiga, to ka zama malamin gaske mai shiga aji, ko ɗan kasuwa mai biyan haraji. Kamfanin da ba ya sayar da komai, maƙwabta suna gane shi kafin jami'an tsaro su gane. Daga ranar kuma ba wanda zai yarda da maganarka a kan gaskiya.

Fasfo: ƙasashe da yawa suna so ya rage masa aƙalla wata shida, da shafuka marasa hatimi. Mai dogon zama gara ya sabunta nasa da na kowane yaro kafin a buga biza a ciki. Takardun haihuwa, aure, karatu, naɗi da shaidar 'yan sanda ta rashin laifi, wataƙila a nemi a fassara su a kuma tantance su. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 kan tantance takardu suna karɓar hatimi guda, sauran sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci. Shaidar 'yan sanda takan tsufa cikin 'yan watanni, kada ka karɓe ta da wuri.

Kuɗi

Yesu ya ce mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi. Ka nemi wanda yake zaune a garin yanzu ya ba ka ainihin abin da yake kashewa a wata: haya, abinci, wuta da ruwa, ɗumama ɗaki idan ƙasar sanyi ce, sufuri, makarantar yara, malamin harshe, inshora, sabunta izinin zama, haraji. A kan wannan ka ƙara abubuwa uku da ake mantawa, wato ajiyar tsufa, kuɗin zuwa hutun gida, da abin da za ka riƙa aika wa iyaye. Ka ware lissafi na biyu na kuɗin tashi, wanda sau ɗaya ake kashewa: jirgi, biza, allurai, kuɗin ajiyar haya, kayan ɗaki. Na uku shi ne ajiyar gaggawa, abin da zai riƙe ku wata uku tare da kuɗin jirgin dawowar kowa da kowa. Wannan ba a taɓa shi don aikin hidima, kome kyan dalilin.

Ka biya bashi kafin ka tashi. Mai binka ba zai ɗauki tafiyarka a matsayin hidima ba, gudu zai kira ta.

Neman tallafi yana da nauyi a baki, amma ba bara ba ne. Ikilisiyar Filibi ta aika wa Bulus taimako fiye da sau ɗaya yana Tasalonika, kuma ya rubuta wa Romawa a fili cewa yana sa ran su taimaka masa ya wuce Asbaniya. Ka rubuta sunayen duk waɗanda suka san ka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sanarwa a gaban taro tana kawo tafi da baikon rana ɗaya, zama da mutum a gidansa shi ke kawo alkawarin wata-wata. Ka faɗi inda za ka, abin da za ka yi, jimillar da ake bukata, da abin da ya rage, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi tunani. Mutum arba'in masu ba da kaɗan-kaɗan sun fi attajiri guda, domin ranar da kasuwarsa ta girgiza ko ransa ya ɓaci, kai ne za ka kwana da yunwa a ƙasar mutane. Ka kuma sa a ranka cewa wasu alkawuran za su bushe bayan shekarar farko, saboda haka ka tara fiye da abin da lissafi ya nuna.

Akwai abin da ke cin masu bishara a ɓoye, shi ne canjin kuɗi. Idan da kuɗin ƙasarku ake ba ka tallafi, kana kashewa da wani, faɗuwar darajar kuɗinku tana iya raba albashinka biyu alhali ba wanda ya rage abin da yake bayarwa. Ku yarda da ikilisiya cewa za a riƙa duba lissafin kowace shekara bisa kuɗin ƙasar da kake zaune.

Kuɗin hidima kada ya bi ta asusunka na kanka. Ya bi ta ikilisiya ko ƙungiya, a riƙa ba da rasit, wani ya riƙa duba littafin. Bulus da kansa ya tafi da wakilan ikilisiyoyi sa'ad da zai kai gudummawa Urushalima, don kada a sami abin zargi. Ka gwada hanyar aiko da kuɗin tun kana gida, ka riƙe katin banki biyu. Idan za ka ɗauki tsabar kuɗi, ka sani cewa Tarayyar Turai tana so a bayyana daga Yuro 10,000, Amurka kuma abin da ya haura Dala 10,000.

Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: kada ka tashi sai alkawuran wata-wata sun cika. "Ubangiji zai tanada" gaskiya ne, amma sau da yawa masu bi matalauta na ƙasar da aka je ne suke ɗaukar nauyin wanda ya taho da rabin guzuri.

Lafiya

Daga cikin samari uku da suka fara aikin SIM a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu da rashin lafiya a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya rage. Yau akwai rigakafin da su ba su samu ba, sakaci ne a ƙi amfani da shi.

Ka ga likita wata shida zuwa takwas kafin tafiya, domin allurar ciwon hanta nau'in B kashi uku ce, ta ƙarshen sai bayan wata shida. Allurar cutar shawara tana fara aiki a takarda bayan kwana goma, kuma tun 2016 katinta na har abada ne. Sauran, irin su taifot, sanƙarau, ciwon hanta nau'in A da ta cizon mahaukacin kare, sun danganta da inda za ka. Wasu ƙasashe, har da Birtaniya, suna neman gwajin tarin fuka daga 'yan wasu ƙasashe idan zaman zai wuce wata shida. Ka je wurin likitan haƙori da na ido, ka yi tabarau biyu.

Idan ƙasar tana da zazzaɓin cizon sauro, likita ne zai zaɓa maka maganin kariya, domin wani bai dace da mai ciki ko ƙaramin yaro ba, wani kuma bai dace da wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ba. Wanda ya taso a ƙasar sauro ya sani cewa juriyar da jikinsa ya saba da ita tana raguwa idan ya daɗe a inda babu cutar, kuma yaran da aka haifa a can ba su da ita sam, sai a kula lokacin hutun gida. Mai baƙar fata da zai zauna a ƙasar da rana ke ƙaranci ya tambayi likita game da sinadarin bitamin D.

Mai hawan jini, ciwon sukari, asma ko sikila ya tabbatar ana samun maganinsa a can, ya tafi da na 'yan watanni a cikin kwalinsa na asali tare da wasiƙar likita. Magunguna irin su tiramadol da kodin suna iya kai mutum gidan yari a Masar ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa idan babu takarda. Inshorar kuma ka karanta ta da kyau: tana ɗaukar jigilar mara lafiya zuwa wata ƙasa? Haihuwa fa? Dawo da gawa? Idan ƙungiya ta ce sai ka zauna da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ka faɗa masa gaskiya. Kaɗaici yana tono abin da aka binne.

Watanni uku na ƙarshe

Yanzu ne, bayan biza ta fito kuma tallafi ya cika, za ka sayi tikiti, ka ajiye aiki da sanarwa yadda doka ta ce. Ka je wurin lauya ka rubuta wasiyya, ka faɗi wanda zai riƙe yara idan ku biyun kuka rasu, da inda kake so a binne ka. Ka ba amintacce guda takardar wakilci don banki da gida da fili. Kowace takarda mai muhimmanci ka yi mata kwafi uku, ɗaya a jakarka, ɗaya a hannun wakilinka, ɗaya a ajiye a intanet.

Ka miƙa hidimar da kake riƙe da ita a ikilisiya ga wanda ka horar. Wanda ke tsakaninku da saɓani ka je ka same shi, domin daga nesa saƙon waya ba ya gyara irin wannan. Ka zaɓi mutum uku ko huɗu da za su zama kwamitinka na gida: mai tura wasiƙar addu'a, mai bibiyar alkawuran kuɗi, mai leƙa iyayenka, da wanda za ka iya kira ka ce masa yau ka gaji har kana tunanin dawowa, ba tare da labarin ya kai bagade ba.

Idan ƙasar mai tsauri ce, ka share abin da ka taɓa rubutawa a Facebook wanda zai iya cutar da kai ko masu masaukinka, ka roƙi ikilisiya kada ta sa hotonka da sunan garin a intanet. Sau da yawa ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya ne yake tona asirin, da rubutun "ku taya mu addu'a". Ku yarda a kan kalmomin da za a guje musu a saƙo, kuma kada ka taɓa sa suna ko hoton ɗan ƙasar sai da izininsa.

Kaya kuwa, ka rage. Tufafi ka saya a can bayan ka ga abin da mutanen kirki na garin suke sawa. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka. Hudson Taylor ya sha suka daga 'yan'uwansa Turawa da ya sa tufafin Sinawa, amma ƙofofi sun buɗe masa. A jakar hannu ka sa fasfo, takardar gayyata, katin allura, takardun asali, magani, Littafi Mai Tsarki idan dokar ƙasar ta yarda a shiga da shi, caja da mahaɗin da ya dace da soket ɗinsu, kuɗin ƙasar na kwana biyu ko uku, da tufafin canji ɗaya ko akwati zai makara. Adireshin masauki da lambar wanda zai tarbe ka, ka rubuta su a takarda da harshen ƙasar, kada ka dogara da waya.

A makon farko da sauka ka tambayi mai masaukinka ko doka ta ce baƙo ya yi rajista da 'yan sanda ko hukumar shige da fice, domin a wasu ƙasashe kwanaki kaɗan ake bayarwa. Ka sanar da ofishin jakadancin ƙasarku cewa kana nan, ka sayi layin waya, ka gano asibiti mafi kusa da hanyar zuwa can da dare, ka rubuta ranar ƙarewar izinin zamanka a inda za ka riƙa ganinta. Sannan ka roƙi a kai ka ka gaishe da shugabannin ikilisiyar garin da maƙwabtanka, gida-gida, da 'yar gaisuwar da ka koya, kafin ka fara shiga ajin harshe ranar Litinin.